RUWA BA YA TSAMI BANZA



Kowa ya san yadda tabki yake sake kama. Da damina ruwansa ja ne, saboda laka. Bayan kaka sai ya kwanta, ya yi garau. In rani ya yi nisa kuwa, wata safiya ka kawo bisashe mashaya, ka tarar ruwan ya zama kore shar, kamar an kaɗa miyar kuka an zuba. Wata shekara kifi ya taso sama ya mutu. Wata shekara tunkiya ta sha ta faɗi. Wasu su ce sammu ne. Wasu su ce mutanen ruwa ne suka yi fushi. Hausawa dai sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, ba ya yin kore banza kuma.

A wannan wata za mu ba ku labarin wani malami Bature da ya yi shekara fiye da 50 yana neman dalilin wannan abu. Sunansa Jack Talling, ana faɗinsa Jak Taling. Amma kafin mu shiga labarinsa, bari mu leƙa cikin ruwan tukuna.

ABIN DA IDO BA YA GANI

Ɗebi ruwan tabki cikin kwalba ka ɗaga shi ga rana. Za ka ce babu kome ciki. Amma in an ɗiga ɗigo guda a ƙarƙashin madubin likita, wanda ke ƙara girman abu sau ɗari ko sau dubu, sai ka ga ruwan cike yake da rai.

Akwai ƙananan tsirrai, dangin gansakuka. Ba su da saiwa, ba su da ganye. Wasu kamar zare suke, wasu kamar tauraro, wasu kamar ƙwayar gero. Su ne ke rina ruwa ya yi kore.

Akwai ƙananan dabbobi, waɗanda za mu kira ƙuman ruwa. Manyansu, mai ido da kyau yana iya hango su suna tsalle cikin kwalba. Gansakuka suke ci.

Akwai kuma waɗanda suka fi duka ƙanƙanta, ana kiran su bakteriya. Cikin cokalin shayi guda na ruwan tabki akwai miliyoyinsu. Aikin yawancinsu shi ne ruɓar da abin da ya mutu, su mayar da shi taki.

Duk waɗannan masana suna kiran su fulankton, wato masu bin ruwa duk inda ya kai su. Makiyayi zai gane zancen nan da sauri. Gansakuka ita ce ciyawa. Ƙuman ruwa su ne bisashe. Ƴaƴan kifi suna cin ƙuman ruwa, karfasa tana cin gansakuka kanta, giwan ruwa kuma yana cin ƙananan kifi. In ciyawar ruwa ta yi kaɗan, masunci ya koma gida hannu banza. In ta yi yawa fiye da kima, nan ma wata masifa ce. Sanin wannan ma'auni shi ne aikin Malam Taling.

DAGA INGILA ZUWA BAKIN NILU

An haifi Taling a arewacin Ingila a shekarar 1929. Ya yi karatun ilimin tsirrai a jami'ar garin Lids, har ya samu takardar shaidar dokta. A shekarar 1953, yana da shekara 24, ya tafi Hartum ta ƙasar Sudan koyarwa. Ya zauna can har 1956.

A Hartum ne rassan kogin Nilu guda biyu suke haɗuwa, Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Kowanne an tare shi da madatsa. Ta Farin Nilu tana Jabal Awliya, an gama ta a 1937. Ta Shuɗin Nilu tana Sannar, an gama ta a 1925, ba nisa da garin Mai Wurno inda Hausawa da Fulani da yawa suke zaune.

Taling da abokan aikinsa suka riƙa ɗiban ruwa wata bayan wata, suna ƙirga abin da ke ciki. Ga abin da suka gani. In damina ta sauka a duwatsun Habasha, Shuɗin Nilu yana tahowa da gudu, ja wur da laka. A lokacin nan gansakuka ba ta samun zama. Ruwa yana kwashe ta, laka tana tare mata hasken rana. Amma in ambaliya ta wuce, aka rufe ƙofofin madatsa, ruwa ya tsaya, laka ta kwanta, sai gansakuka ta yi ta haihuwa cikin ƴan makwanni. Tana nan tana yawaita har ta cinye takin da ke cikin ruwan, sannan ta ragu.

Ke nan abu uku take bukata: haske, da ruwa mai kwanciya, da taki. Ku dubi tabkin garinku, za ku ga haka abin yake.

KWALBA BIYU

Yaya ake auna aikin tsiron da ido ba ya gani? Ga dabarar da masana suke yi, wadda Taling ya ƙware a kanta.

Kowane tsiro, in rana ta haska shi, yana haɗa abincinsa, yana fitar da iskar da muke shaƙa mu rayu, wadda ake kira oksijan. Dare da rana kuma shi ma yana shaƙar wannan iska kaɗan kaɗan. To, sai a cika kwalba biyu da ruwan tabki. Guda a bar ta haka, guda a naɗe ta da baƙin ƙyalle don kada haske ya shiga. A ɗaura su ga igiya a saka cikin ruwa. A ɗaura wasu biyu a ƙasa da su, wasu biyu a ƙasa kuma, har inda haske ya ƙare. Bayan ƴan awoyi a fito da su a auna. Kwalbar da haske ya shiga, iskarta ta ƙaru. Mai baƙin ƙyalle, tata ta ragu. Bambancin da ke tsakaninsu shi ke nuna yawan abincin da gansakuka ta haɗa.

A shekarar 1957 Taling ya fitar da wata hanyar lissafi ta haɗa aikin dukan ruwan, daga sama har ƙasa. Masana a ƙasashe da yawa suka yi ta aiki da ita.

Wannan kwalba mai baƙin ƙyalle ta warware mana wata matsala. Me ya sa kifi ya fi mutuwa da asuba? Da dare, tabki duka ya zama kamar kwalbar nan. Babu rana, babu sabuwar iska. Gansakuka tana shaƙa, bakteriya suna shaƙa, kifi yana shaƙa. In ruwan ya yi kore ƙwarai, masu shaƙa sun yi yawa. Kafin gari ya waye iska ta ƙare. Shi ya sa za ka ga kifi ya taso sama yana buɗe baki, kafin hantsi wasu sun mutu.

SHEKARA GUDA A TABKIN BIKTORIYA

Bayan Sudan, Taling ya yi ɗan zama a Amurka. A 1958 ya kama aiki a wata ƙungiyar binciken ruwan daɗi da ke bakin Windamiya, tabki mafi girma a Ingila. Nan ya zauna har ya ajiye aiki a 1989. Amma zuciyarsa ba ta bar Afirka ba.

A 1960, shekarar da Nijar ta samu mulkin kai, ya sauka garin Jinja na ƙasar Yuganda, a bakin tabkin Biktoriya. Wannan shi ne tabki mafi faɗi a Afirka, murabba'in kilometir wajen 68,000. Ƙasa uku ke kewaye da shi: Yuganda, Kenya da Tanzaniya. Daga 1960 zuwa 1961 Taling yana shiga jirgin ruwa ya koma wuri guda, wata bayan wata. Ya auna ɗumin ruwa daga sama har ƙasa. Ya auna iska. Ya ƙirga gansakuka iri iri. Ya rubuta kome.

Ya gano cewa yawancin shekara ruwan hawa biyu ne. Mai ɗumi yana sama, mai sanyi yana ƙasa, ba su gauraya, kamar mai a kan miya. Duk abin da ya mutu yana nutsewa ƙasa, takinsa ya taru can inda babu haske. Amma wajen watan Yuni da Yuli, in sanyi ya sauko da iska mai ƙarfi, sai tabkin ya juya kamar an dama fura. Takin ƙasa ya taso sama, gansakuka ta samu abinci ta yawaita. Tabki ma yana da daminarsa da raninsa.

Matarsa Ida masaniyar sinadaran ruwa ce. Tare suka auna gishiri da kanwa da sauran abubuwan da ke narke cikin tabkunan Afirka da yawa. Suka wallafa sakamakon a 1965.

A lokacin nan mai wucewa zai iya cewa: wannan wane irin aiki ne, babban mutum yana ƙirga abin da ba a gani? Amsar ta zo bayan shekara 30. Wajen 1990 wasu masana suka koma tabkin, cikinsu har da wata ƴar Yuganda mai suna Rose Mugidde. Suka sake awo, suka gwada da na Taling. Suka tarar aikin gansakuka ya ninka wajen sau biyu. Ruwan ya rage haske. Irin gansakukar da ta fi yawa ya sake. Ruwan ƙasa kuma yana daɗewa babu iska, kifi ba ya iya zama cikinsa. Cikin dalilan akwai yawan jama'a a kewayen tabkin, da saran daji, da ƙone-ƙone, da ƙasar gonaki da ƙazantar birane da ruwa ke kwasowa.

Tsofaffin masunta sun daɗe suna cewa tabkin ya sake. Amma mai mulki yana iya cewa zancen tsofaffi ne. Lambobin da Taling ya rubuta kuwa, babu mai iya musunsu.

KORE MAI ABINCI, KORE MAI DAFI

A ƙasar Habasha, Taling da abokansa sun auna wani ƙaramin tabki mai kanwa, sunansa Aranguwadi. Ruwansa kore ne kauri, har haske ba ya wuce taƙi guda ko biyu. Suka wallafa aikin a 1973. Yawan abincin da gansakukar wurin take haɗawa yana cikin mafi yawa da aka taɓa aunawa a wani tabki. Gansakukar nan ana kiran ta sifirulina, don a madubi kamar zare take mai murɗe-murɗe.

Maƙwabtanmu sun san ta tun kafin masana. A ƙasar Kanem ta Cadi, matan Kanembu suna kwasar ta daga tabkunan kanwa. Su zuba bisa yashi mai tsabta, rana ta busar da ita, su yanka gunduwa gunduwa su kai kasuwa. Sunanta dihe, a miya ake sa ta. A 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar Fort-Lami, wato Njamena ta yau. Da aka auna, aka ga fiye da rabin nauyinta abinci ne mai gina jiki, irin na nama da wake.

Amma a yi hattara. Ba kowane kore ne dihe ba. Tana da ƴan uwa masu dafi, ido kuma ba ya iya bambanta su. Tun a 1878 aka rubuta labarin wani tabki a Ostiraliya inda tumaki da dawaki da karnuka suka sha koren ruwa suka mutu. Wani irin dafin hanta yake kamawa. Wani irin kuma yana kashe jijiyoyi, dabba ta faɗi cikin ƙanƙanin lokaci. Kada kowa ya kwashi koren tabkin garinsu ya ce dihe ya samu.

TABKIN CADI

Masanan Faransa ma sun yi irin wannan aiki a tabkin Cadi. Cikinsu akwai Jacques Lemoalle, ana faɗinsa Jak Lemowal. Su ne suka shaida abin da fari ya yi wa tabkin. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilometir wajen 25,000. A farin 1973 ya rabu biyu, arewa da kudu. Ɓangaren arewa, wanda yake wajenmu, ya bushe sau da yawa bayan nan, mutanen Ngigmi suka wayi gari ruwa ya yi musu nisa. Da ruwa yake janyewa, gansakuka ta yi kauri, kifi ya mutu da yawa. Daga baya kifaye masu jure ƙarancin iska, kamar tarwaɗa, suka fi yawa.

A 1998 Taling da Lemowal suka haɗa kai suka rubuta babban littafi a kan tabkuna da kogunan ƙasashe masu zafi.

Ga wani abin mamaki kuma. Akwai wata irin gansakuka mai ɓawo kamar gilashi. Shekaru dubbai da suka wuce, tabkin Cadi ya fi na yau girma nesa ba kusa ba. Da ya janye, ɓawon gansakukar nan ya rage a ƙasa, fari fat, a wani kwari mai suna Bodele a arewacin Cadi. Iskar hunturu tana kwasar wannan gari tana tahowa da shi. Ke nan cikin hazon da ke rufe mana rana da sanyi, akwai ɓawon tsirran da suka rayu cikin ruwa tun zamanin da.

A 1978 babbar ƙungiyar masanan kimiyya ta Ingila ta zaɓi Taling ya zama ɗanta. Ko bayan ya ajiye aiki bai daina rubutu ba. Ya rasu a 2017, yana da shekara 88.

KURKUNU DA ƘUMAN RUWA

In wani yana shakkar amfanin wannan ilimi, ya tambayi dattawa labarin kurkunu. Da can, tsakiyar aikin gona yake kwantar da majiya ƙarfi. Tun wajen 1870 wani masani ɗan Rasha, Fedcenko, ya gano cewa ƴaƴan tsutsar suna shiga cikin ƙuman ruwa. Mutum ya sha ruwan da ƙuman, bayan wajen shekara guda tsutsa ta fito masa a ƙafa. Ya sa ƙafar cikin tabki don ya ji sanyi, tsutsa ta zuba sababbin ƴaƴa. Da aka gane haka, magani ya zama mai sauƙi: a tace ruwa da ƙyalle mai ƙananan ido, mai ciwo kuma kada ya shiga tabki. A 1986 mutum wajen miliyan 3 da rabi suka kamu a duniya. A 2023 mutum 14 kawai. A 2013 hukumar lafiya ta duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Amma an ci gaba da samun sa a Cadi, har ga karnuka. Don haka kada a jefar da matacin ruwa.

ABIN DA ZA MU YI

1. In iska ta tara kore mai kauri kamar fenti a gefe guda na tabki, kada a shayar da bisashe nan. A kai su rijiya. In babu rijiya, a zaga gefen da iska take fitowa, inda ruwa ya fi haske.

2. Tafasawa ba ta kashe wannan dafi, ƙyalle ma ba ya tare shi. Kada a sha irin ruwan nan, kada yara su yi wanka ciki.

3. In dabba ta sha koren ruwa ta faɗi, a janye sauran garke, a sanar da ma'aikatan kiwo nan da nan. Kifin da aka tarar ya mutu da kansa, kada a ci shi.

4. Kashin shanu da takin zamani abincin gansakuka ne. A rage tsayuwar garke cikin ruwa. Kada a tara taki a bakin tabki. Kada a wanke famfon feshin magani ciki.

5. A bar ciyawa da itatuwan da ke kewaye da tabki. Su ke tare ƙasar gona kada ta gangara ciki.

KAI MA KANA IYA AWO

Nemi farin murfin kwano, ka huda tsakiyarsa, ka ɗaura igiya da ɗan dutse a ƙasa. Yi ƙulli a kowane santimetir 10. Saka shi cikin ruwa sannu sannu har ya ɓace wa idonka, ka ƙirga ƙullin da suka nutse. Masana ma da irin wannan farin faranti suke awo tun 1865. Masu kiwon kifi sun san cewa in ruwa kore ne, faranti kuma ya ɓace kafin santimetir 20, gansakuka ta yi yawa.

Ka yi awon nan wuri guda, da hantsi, sau guda a mako. Ka ɗauki kaye da bik ka rubuta ranar, da lambar, da launin ruwan, da inda bakin ruwa ya tsaya. Ko kana Madarunfa, ko Tabalak, ko Gidimuni, ko bakin ƙaramin tabkin ƙauyenku, wannan kaye dukiya ce. Bayan shekara biyu ko uku za ka san watan da ruwa yake ɓaci, ka shirya wa garkenka tun da wuri. In ma'aikata sun zo, ka buɗe musu shi su gani da idonsu.

In kuma kana da yaro ko yarinya a makaranta mai yawan tambaya, mai son leƙa cikin ruwa, kada ka ce wasa yake. Akwai jami'a a Yamai, akwai a Maraɗi, da Tawa, da Damagaram, da Difa. Tabkunanmu suna bukatar ɗiyan ƙasa da za su zauna bakinsu shekara da shekaru, su auna, su rubuta, su faɗa mana gaskiya.

Wanda ya gwada awon murfin kwano, ya rubuto mana abin da ya gani. Ya sa sunan tabkin da watan da ya yi awon.